Ranar da Mai Jinya Ta Hau Gadon Jinya: Nazarin Yadda Wani Sashe Ya Riƙe Abokiyar Aikinsa

Ni ce shugabar sashen a lokacin da abin ya faru, don haka da yawa daga kurakuran da za a gani a wannan nazari nawa ne. Na rubuta shi da izinin mai lalurar, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ko na asibitin ba. Zan kira ta Sista kawai, kamar yadda kowa yake kiranta a sashen, tun daga likitoci har masu shara.

Sista ta shekara 19 tana aikin jinya, 11 daga ciki a sashenmu na manya masu kwanciya. Shekarunta 46 da haihuwa. Mu 14 ne muke karɓa-karɓa a kan gadaje 30, safe da yamma da dare. Abin da aka fi saninta da shi hannu ne. Duk majinyacin da jijiyarsa ta ɓuya, wanda aka soka sau biyu aka kasa, ita ake nemowa. Ba ta cika dubawa da ido ba. Takan ɗora yatsa biyu, ta ɗan yi jim, ta ce "ga ta nan", sai ka ga jini ya biyo allura. Kusan rabin ƙananan nas ɗin sashen a hannunta suka koyi sa kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa da magani.

Wata huɗu na shiru

Tana wanka ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ta ja bakinta ta tsuke har wata huɗu. Wanda ba ya cikin aikin zai yi mamaki: yaya macen da take koya wa mata duba kansu za ta zauna da abu irin wannan? Ta san alƙaluman sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, wasu 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta, kuma Sista ta sha gaya wa ɗalibai cewa bambancin rayuwa da mutuwa a wannan cuta yawanci yana ga zuwa da wuri. Amma mu da muke ciki ba mu yi mamaki ba. Wanzami ba ya son jarfa. Mai jinya ta san abin da ke bayan ƙofar da ake ce mata ta shiga, ta ga waɗanda suka shiga, ta rufe idon wasu da hannunta. Ga kuma rosta, wato jadawalin aikinmu, wadda ba ta taɓa rasa giɓi: wannan ta haihu, waccan tana hutu, sai mutum ya ce bari watan nan ya wuce tukuna.

Wata ƙaramar nas, 'yar ɗakinta da ta rena a aikin, ita ta lura cewa in za a juya majinyaci Sista tana kare hannun hagu. Ta tsare ta a ɗakin magani ta ce, "Anti, hannun nan naki ba lafiya ba. In ba ki je an duba ba, ni zan gaya wa Matiron." Ta je. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji. Sankara ce, ta kai kaluluwar hammata, amma ba ta wuce nan ba. Likitoci suka tsara a fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake bayarwa ta jijiya, zagaye huɗu bayan kowane kwana 21, sannan wani magani mako-mako har sau 12, sai tiyata, sai gashi da na'ura, sai ƙwaya ta shekaru. Duka a asibitin da take aiki.

"Sauran kin sani"

Kuskuren farko sabo ne ya jawo shi. Likitan da sakamakon ya fara zuwa hannunsa ya shekara goma yana aiki da ita. Ya gamu da ita a baranda, ya ja ta gefe, ya faɗa mata sunan cutar da matakinta a taƙaice, da irin kalmomin da muke yi wa juna magana da su a kan majinyacin da ba ya wurin, ya rufe da cewa, "Sauran kin sani, Sista." Ta gyaɗa kai, ta koma ta ƙarasa rabon maganin yamma.

Daga baya ta ce min, "Matiron, tun da ya ambaci sunan ban ƙara jin komai ba. Duk abin da na sani ya gudu. Kuma kunya ta hana ni in ce ban gane ba."

Da baƙuwa ce ta shigo da katinta, da an zaunar da ita a ɗaki an rufe ƙofa, an tambaye ta ko tana son wani nata ya zauna, an ji abin da ta riga ta fahimta, an faɗa mata kaɗan-kaɗan, an bar ta ta yi kukanta, an ba ta ranar dawowa da tambayoyi. Duk wannan aka tsallake saboda tamu ce. Tun 1964 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Walter Weintraub, ya rubuta a kan yadda kulawar da ake ba manyan mutane take lalacewa, saboda ana kauce wa tsarin da aka saba don a girmama su. Ma'aikacin lafiya in ya kwanta a asibitinsa, wannan tarkon yake faɗawa. Ana tsallake tambayar da ake jin nauyin yi masa, ana taƙaita bayanin da ake zaton ya sani, ana gajarce masa hanya, kuma a hanyar da aka gajarce ɗin nan ne kariyar majinyaci take.

Na roƙi wata nas daga sashen ciwon daji, wadda ba su taɓa aiki tare ba, ta zauna da ita ta yi mata bayani kamar ba ta taɓa taka asibiti ba. Sun yi awa ɗaya da rabi, maigidanta yana zaune yana rubutawa. Ta gaya musu cewa doksorubisin, ɗaya daga cikin magungunan kemon, ja ne, fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada a tsorata. Gashin kai zai fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda suke kare jiki, za su faɗi ƙasa tsakanin kwana 7 da 14 bayan kowane zagaye, kuma a wannan tsakanin in zafin jiki ya kai digiri 38, ba a jiran gari ya waye. Maigidan ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, ya manna takardar a jikin ƙofar ɗakinsu.

Fayil

Kuskure na biyu ya fi ciwo, kuma ƙauna ce ta jawo shi.

Sista ta roƙe ni kada kowa ya ji sai ta gaya wa 'ya'yanta. Kwana uku kawai sirrin ya yi. Aminiyarta ta shekaru, wadda suka yi makarantar jinya tare, ta ga sunanta a jerin samfuran da aka tura gwaji, hankalinta ya tashi, ta shiga kwamfuta ta buɗe sakamakon. Ta je ɗakin hutawa tana kuka, aka tambaye ta, ta faɗa wa mutum ɗaya. Kafin yamma, mai tura keken marasa lafiya ya tari Sista a bakin lif, ya rusuna ya ce, "Sannu Sista, Allah ya sa kaffara ne." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Amma a daren nan dole ta tara 'ya'yanta ta gaya musu, ba ta shirya ba, don kada su ji a bakin waje.

Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar da kundin ɗa'arta tun 1953, ta sake sabunta shi a 2021, kuma riƙe sirrin majinyaci yana cikin ginshiƙansa. Kowa a sashenmu ya san wannan, ba wanda zai buɗe fayil ɗin baƙo don son jin labari. Abin da ba mu taɓa zama muka tattauna ba shi ne cewa damuwa da mutum ba ta ba ka izinin shiga fayil ɗinsa. Na kira aminiyar, na ba ta takardar tuhuma kamar yadda doka ta ce. Wasu a sashen sun ce ban yi tausayi ba, mata tana cikin tashin hankali a kan ƙawarta na ƙara mata wani. Na ji zafin maganar, amma har yau ina ganin daidai na yi. Da na kawar da kai, da na gaya wa Sista cewa haƙƙin da muke kare wa kowane baƙo ita ba ta da shi, kuma da na gaya wa sauran 13 cewa duk wadda ta kamu da ciwo, gara ta ɓoye ko ta tafi wani asibitin. Sista ta yi wata biyu ba ta yi wa aminiyar magana ba. Sun shirya daga baya, su biyu, ba da sa bakina ba.

Bayan wannan muka sa tsari. Sista ta zaɓi mutum ɗaya da za ta zama bakinta, 'yar ɗakin nata, kuma ita take faɗin abin da za a gaya wa sashe da abin da ba za a faɗa ba. Wanda ba ya cikin masu kula da ita ba ya taɓa fayil ɗin, kuma na sanar cewa zan riƙa duba jerin waɗanda suka buɗe shi a kwamfuta. A zauren waya da muka buɗe don tsara taimako, aka hana sa sakamakon gwaji ko hotonta. Abin da ake rubutawa kawai shi ne wa zai kai ta, wa zai ɗauko ta, wa zai karɓi aikin dare.

Rosta

Makon farko taimako ya yi yawa har ya zama nauyi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan jinya a duniya mata ne. A sashenmu 12 ne cikin 14. Kowa yana son zuwa dubiya. Washegarin zagayen farko, ranar da tashin zuciya ya fi tsananta, mutum tara suka je gidanta, ita kuma ta tashi ta zauna tana amsa gaisuwa, tana ba su haƙuri kada su damu. Maigidanta ne ya kira ni ya ce, "Matiron, mun gode ƙwarai, amma tana wahala."

Zuwa mako na shida kuma sai ƙafa ta ɗauke. Ba don an daina ƙaunarta ba. Aikinta ne ya faɗo a kan mutum 13, kowa ya gaji, kowa yana zaton wani ya je. Wata ranar kemo ta zauna a ɗakin jira ita kaɗai, domin mutum uku kowace ta ɗauka ɗaya ce za ta raka ta. Daga nan muka daina dogara da niyya. Muka rubuta jadawali na wata shida: mutum ɗaya a kowace ranar magani, dubiya mutum biyu kawai kuma sai an tambaya, ba dubiya ko kaɗan daga kwana na 7 zuwa na 14, mai mura ko tari kada ya kusanci gidan. Aikin darenta aka raba shi a rubuce. Gudummawar kuɗi mutum biyu suka riƙe, da littafi, ba a bayyana wa ya ba da nawa ba, ita ma ba a gaya mata ba.

A nan ne na yi nawa babban kuskuren. Sista ta so ta ci gaba da aiki tsakanin zagaye da zagaye. Ni kuwa ina kallon sashen da ke cike da masu tari da masu gyambo da masu gudawa, na san mai ƙarancin fararen ƙwayoyin jini ba ta da wurin zama a cikinsa. Ta fuskar lafiya ina da gaskiya. Amma maimakon in zauna da ita mu yi magana, sai na fitar da rostar sabon wata babu sunanta, ina ganin na sauƙaƙa mata. Ta shigo karɓar takarda, ta tsaya gaban allon, ta karanta daga sama har ƙasa sau biyu. Sannan ta shigo ofishina ta rufe ƙofa.

"Matiron, kin cire sunana."

Na fara bayanin ƙwayoyin jini. Ta ce, "Na sani. Ban ce ki sa ni aiki ba. Shekara goma sha ɗaya sunana yana layi na uku. Ko kin riga kin gama da ni ne?"

Ranar da gashin kanta ya zube ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ranar nan ta yi. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta kuma buɗe gidan kula da masu cutar ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai tsananin ciwo ba a jiki kaɗai yake ba: akwai na zuciya, akwai na zamansa cikin mutane, akwai na ruhi, kuma suna ƙara wa juna ƙarfi. Na karanta wannan tun ina ɗaliba, na ci jarrabawa da shi. Sai a ofishina ranar nan na ga yadda yake. Cutar tana ƙwace mata jiki, ni kuma da hannuna na ƙwace mata wurinta.

Na mayar da sunan a layi na uku, da alamar hutun rashin lafiya a gabansa, kuma haka ya zauna kowane wata har ta dawo. Muka yi yarjejeniya da likitanta: a mako na uku na kowane zagaye, in gwajin jini ya yi kyau kuma ita ta ji tana so, ta zo kwana biyu ta zauna a ɗakin karatu, nesa da gadaje, ta koyar da ɗalibai, ta duba littafin magunguna. Wani zagayen ta zo, wani ba ta iya ba. Zaɓin dai a hannunta yake.

Daren zazzaɓi

Kwana na goma bayan zagaye na biyu, ƙarfe biyu na dare, jikinta ya yi zafi. Ta auna ta ga 38.4. Ta ce wa maigidan za ta sha farasitamol ta ga abin da safiya za ta yi, ai ta san jikinta, kuma ba ta son ta tayar da yaran da ke aikin dare. Shi kuwa ya nuna mata takardar da ke jikin ƙofa, ya kira 'yar ɗakinta. Yarinyar ta ce a ba ta wayar. "Anti, ke kika koya min cewa zazzaɓin mai kemo ba ya jiran safiya. Ki taso, ina bakin ƙofar gaggawa."

Wannan shi ne haɗarin da aka fi tsoro a lokacin kemo. In fararen ƙwayoyin jinin da ake kira nutirofil suka yi ƙasa da 500 a kowace maikirolita ta jini, jiki ba shi da sojan da zai tare ƙwayar cuta, kuma ciwon da zai ba mai lafiya ɗan zazzaɓi yana iya shiga jini ya kashe mutum cikin sa'o'i. Sau da yawa zazzaɓin ne kaɗai alamar. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ɗebi jinin gwaji, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowa, ba a jiran sakamako.

Yarinyar ta ɗaura igiya, ta nemi jijiya. Hannunta yana rawa. Ta soka ta kasa, ta sake ta kasa. Sista, da zazzaɓinta da kakkarwarta, tana cewa, "Ƙara ƙasa kaɗan, kwantar da allurar." Yarinyar ta ɗauki kanula ta uku, idonta cike da hawaye. Babbar nas ɗin gaggawa, wadda ba ta saba da Sista ba sai gaisuwa, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ƙa'ida sau biyu ce, ƙanwata. Koma wancan gefen ki riƙe mata hannu." Ta sa kanular tashi ɗaya. Maganin ya shiga minti 50 bayan isowarsu.

Na daɗe ina tunanin wannan ɗan lokaci. Yarinyar ta fi kowa son Sista a wurin, kuma son nan ne ya sa ba ita ya kamata ta riƙe allurar ba. Wadda ta janye ta ba ta kore ta ba, ta ba ta aikin da ƙaunarta za ta yi amfani a cikinsa. Daga ranar muka mai da shi doka: na kusa da ita sosai su zauna a matsayin 'yan'uwa, aikin hannu kuma a bar wa wanda zuciyarsa take kwance.

Kwana biyar ta yi a ɗakin keɓe. Jinyar mai jinya sai haƙuri. Tana ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara mata, tana miƙa hannu ta gyara gudunsa, tana neman a miƙo mata takardar awo ta duba. Kuma ba ta danna ƙararrawa. Sau biyu aka same ta tana ƙoƙarin zuwa banɗaki ita kaɗai da sandar ruwa, jiri yana ɗibarta, don ta san mutum biyu ne kawai a kan gadaje 30. Wata tsohuwar nas da ta girme ta ce ta yi maganin abin. Ta zauna a bakin gadon ta ce, "Sista, yau ba kya kan aiki. Shekara nawa kina ce wa mutane su danna? In kika faɗi a nan, yaran nan ba za su yafe wa kansu ba. Ki danna." Muka kuma sa a riƙa leƙa ta kowace awa ko ba ta kira ba. Batun wanka da kama ruwa, aka tambaye ta a keɓe wa take so da wa ba ta so. Ta zaɓi mutum biyu, kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda ta koya wa aiki. Ba wanda ya tambaye ta dalili.

Abin da ya samu sauran

Ciwon Sista ya shiga jikin sashen gaba ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: cikin wata biyu mata bakwai suka je aka duba su, abin da wasunsu suka shekara suna ɗagawa. Wata ta zo min da labarin cewa cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo sankara, a 2007 da kuma 2019. Gaskiya ne, haka ta yi. Amma matakin na "mai yiwuwa" ne, kuma ba wanda zai iya nuna mace ɗaya ya ce aikin dare ne ya jawo mata. Na faɗi haka a taro, na kuma yarda cewa tsoronsu ba shirme ba ne, tunda ga shi muna ƙara musu dare don cike gurbinta.

Akwai kuma gajiyar da ba ta jiki ba. Wata nas mai suna Carla Joinson ce ta rubuta a kanta a 1992, wani masanin halayyar ɗan Adam, Charles Figley, ya faɗaɗa maganar a 1995: mai kula da masu wahala, in abin ya yi yawa ba hutu, tausayinsa yakan ƙafe, ya koma saurin fushi ko rashin jin komai. Na ga alamunta. 'Yar ɗakin Sista ta daina barci, ta yi wa wani ɗan majinyaci tsawa a kan abin da bai kai ba. Sai da na sauke mata rabin nauyin zama baki, na ba ta kwana huɗu. Muka kuma fara zaman awa ɗaya a wata, irin wanda ake yi a asibitocin Amurka da Ingila da sunan Kenneth Schwartz, lauyan Boston da sankarar huhu ta kashe a 1995, wanda kafin rasuwarsa ya kafa cibiya don raya tausayi tsakanin majinyata da masu kula da su. A zaman ba a maganar magani ko laifin wani. Kowa yana faɗin yadda aikin yake taɓa shi.

A zama na uku wani abu ya fito da ya kunyata mu. Akwai wata nas da ba ta taɓa zuwa dubiya ba, ba ta rubuta komai a zauren waya, in aka ɗauko zancen Sista sai ta tashi ta fita. An yi ta gulmarta, ana cewa ba ta da zuciya, kuma ni ma na saƙa hakan a raina. Ranar ta ce, kanta a sunkuye, wannan cutar ce ta kashe mahaifiyarta tana shekara 15, ita ta yi jinyarta, kuma in ta ga kan Sista babu gashi ƙafafunta ba za su ɗauke ta ba. Na koma ofis na buɗe rostar wata huɗu na ƙirga. Cikin darare 28 na Sista da aka raba, ita ta yi 13. Tana zuwa ta karɓi na wasu a asirce, su kuma ba su faɗa ba.

Dawowa

An yi tiyata, an cire kaluluwar hammata, an yi gashi. Wata 11 bayan ranar barandar, Sista ta dawo aiki kwana uku a mako, ba dare. Hannun hagu yana ɗan kumbura in ta wahalar da shi, saboda hanyar ruwan jiki da aka yanke, don haka ba ta ɗaga majinyaci, ba a kuma auna mata jini ko soka mata allura a wannan hannun. Za ta sha ƙwayar tamoksifen, mai rage haɗarin dawowar cutar, aƙalla shekara biyar.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba sai da ta dawo shi ne yatsunta. Faklitaksel, maganin mako-makon nan, yana taɓa jijiyoyin ji na yatsu, wani ya warke, wani ya zauna da shi. Kan yatsunta biyu, waɗanda take nemo jijiya da su, sun mutu murus. Makon farko aka kira ta wurin wani tsoho kamar yadda aka saba, ta ɗora yatsa, ta yi jim ɗin nan nata, ya yi tsawo, sannan ta janye hannu ta ce a kira wata. Ta shiga ɗakin magani ta daɗe. Ba wanda ya bi ta, kuma wannan karon da gangan muka ƙyale ta, domin ta riga ta gaya mana cewa in ta rufe ƙofa a bar ta. Yanzu ita ke riƙe da koyar da sababbin nas a sashen, tana tsaye a bayansu tana gaya musu abin da yatsa ya kamata ya ji.

Tsarin da muka bi na rubuta shi shafi biyu na miƙa wa hukumar asibiti, don duk ma'aikacin da ya kwanta ya samu tun daga ranar farko: wanda zai yi masa cikakken bayani, kulle fayil, baki ɗaya, jadawali a rubuce, sunansa a rosta. Har yanzu yana teburinsu.

Watan jiya lokacin sake duba ta ya yi. Na tambaye ta wa take so ya raka ta, ina zaton 'yar ɗakinta za ta ce, ko aminiyarta. Ta ce a tambayi mai darare 13 ɗin nan, in za ta iya. Ban san wa ya gaya mata ba. Na je na same ta tana haɗa allurai, na faɗa mata. Ta ajiye sirinji, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙarfe nawa?"